Malam Hamisu Ya Tafi Ba Sanarwa

Da hantsi ranar Talata, ina zaune a ɗakin watsa shirye-shirye na ƙaramin gidan rediyonmu, tarho ya yi ƙara. Hauwa ce, 'yar Malam Hamisu. Ta ce, "Yaya Sani, Baba ya cika. Jana'iza bayan la'asar. Inna ta ce ku sanar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Hamisu ne ya koya mini magana a makirfo. Shekara da shekaru shi ke karanta sanarwar rasuwa da cigiya, muryarsa tana kaiwa ƙauyukan Gazawa da Agiye har rugagen bakin iyaka. Ranar da gaggawa ta sa na ce "wani manomi ya rasu", ya tare ni a bakin ƙofa. "Sani, manomin ba shi da suna ne? Ka faɗi sunan mutum cikakke, uwarsa tana saurare." Mai cigiyar akuya kuwa, sai ya tambaye shi har tabon da ke kunnenta.

Da dokar tsaro ta zo, aka ce yaɗa duk labarin da zai iya tayar da hankalin jama'a laifi ne. Ba wanda ya faɗa mana inda laifin ya fara da inda ya tsaya. Ana cikin haka wani makiyayi, Baffa Sambo, ya zo yana hawaye: an kama ɗansa Buba a shingen hanya, an tafi da shi, ba a san inda yake ba. Duk muka sunkuyar da kai. Malam ya ce, "Muna cigiyar akuya, mutum ne ba za mu yi cigiyarsa ba?" Ya shiga ya karanta. An sako Buba daga baya. Shi kuwa Malam aka tsare shi, ya dawo ramamme, da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Bai sake zama gaban makirfo ba. Mu da ya koya wa aiki, sai mun waiga hagu da dama kafin mu gaishe shi.

Ran Talatar nan na kai wa darektanmu saƙon Inna Rabi, matar Malam. Ya ce, "Sani, ka san sunan nan. In aka rufe gidan fa?" Wallahi ba wanda ya hana mu. Ba wanda ya kira, ba wanda ya aiko. Tsoro ne kawai, ni ma kuma ban yi gardama ba. Na shiga na karanta sanarwar ɗaurin aure da ta allurar shanu, na fito. Mutumin da ya cika wa kowa maƙabarta, maƙwabtansa ne kaɗai suka yi masa salla. Kaico!

Ranar kasuwa Baffa Sambo ya iso da ƙwaryar nono, kamar yadda ya saba kawo wa Malam, ya tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Ina cikin masu zaman. Ya aje ƙwaryar, ya dube ni, ya ɗago rediyon da ke rataye a kafaɗarsa. "Sani, abin nan ba ya barin jikina. Yaya aka yi ban ji ba?"

Daga cikin zaure Inna Rabi ta amsa masa, ba da faɗa ba: "Ni ma na saurara har magariba, Baffa."

Kunya ta ishe ni, har yau ban iya haɗa ido da ita. Kuma har yau ba a karanta sanarwar ba. To, a rubutun nan na samu bakin faɗa: Malam Hamisu ɗan Malam Abdu ɗan Tanko, mai sanarwa, ya rasu ranar Talata. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya bai wa Inna Rabi da Hauwa da ƙannenta haƙurin rashi, Ya zame musu gata. Mu kuma da muka haɗiye sunansa, Allah Ya yafe mana.