Hotunan da Aka Ce Ba Naka Ba Ne

Da hantsin Laraba, sha biyu ga Maris, 'yarka ta kira ni. Tun kafin ta gama sallama na san ka tafi, Dogo. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Shekara da shekaru kai ke zana bangon littattafaina, kuma ko ɗaya ba ka taɓa karantawa ba. Sai dai in zo shago in zauna kan bencin nan mai ɗingishi in karanta maka, ka rufe ido kamar mai gyangyaɗi. In na gama ka ce, "Surutu ya yi yawa, miƙo min fensir." Sababbin marubuta kuwa, bangonsu na farko addu'a kawai kake karɓa.

Da hannunka ya fara rawa har fensir ya gagare ka, 'yarka ta sa maka manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake faɗa wa abu ta zana. Ka ɗauke ta kamar ɗan koyon aiki mai taurin kai. Na ji ka kana yi mata faɗa: "Wannan kunnen tsoho ne? Kunnen tsoho sakewa yake yi!" Hoto ɗaya sai ka wuni kana sa ta gyara.

Da muka kai hotunan ofishin rajistar haƙƙin mallaka, aka tambaye ka wa ya ja layukan. Da ka ce kai ne, ba mai ganewa. Ka ce inji ne. Jami'in ya ce abin da inji ya zana ba na kowa ba ne. A hanyarmu ta dawowa ka ce, "To ni me nake yi duk watannin nan?" Tambayar nan tana ci mini rai har yau.

Bayan rasuwarka mai buga littattafai ya ce zai fitar da bangonka na ƙarshe, na sabon littafina, babu sunanka. Na tafi shagon ni kaɗai, na kunna kwamfutarka, na rubuta wa manhajar bayanin tsohon da ke cikin labarin. Ta ba ni tsoho tsaf-tsaf, wanda bai taɓa jin yunwa ba, bai taɓa binne kowa ba. Na san da gyara, amma ban san me zan ce ta gyara ba. Na daɗe zaune, kewarka ta cika ɗakin. Daga nan na kira mai buga littattafan na ce ko a sa sunanka, ko littafin ya fito da farin bango.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba maiɗakinka da 'yarka haƙurin wannan rashi. Ofis bai rubuta sunanka ba, Dogo, amma Allah Ya san wanda ya yi aikin.