Ɗawisun Bayan Motar Shanu

Jiya a hanyar Nangere wata tsohuwar motar shanu ta wuce ni, da zanen ɗawisu a bayanta. Hannun Baba ne, abokina mai fenti. Nan take raina ya sake ɓaci.

Duk direban Potiskum da ya sayi motarsa ta farko, kyauta Baba yake masa zanen ɗawisu. "Je ka, ɗana," yake cewa, "tsuntsun nan ya fi ni son yawo."

Bayan an ba mu Jihar Yobe ciwon mantuwa ya kama shi. Har sunana ya ɓace masa, amma hannunsa bai manta ba. Wata safiya na same shi a tasha, yana tsoma buroshi a gwangwanin ruwa yana shafa wa wata mota mai ɗauke da ɗawisunsa. Direban ya daka tsawa: "Ku janye mahaukacin nan!"

Na ce, "Kai, marar kunya! Wa ya zana maka ɗawisun nan kyauta?"

Direban ko kallona bai yi ba.

Baba ya riƙe hannuna, ya ce, "Kar ka taɓa, bai bushe ba."

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya saukar da kai inda ba mai korar ka.