Sanƙiran da Ke Jikin Gwaggo

Shekarar da nake rubuta aikin kammala digiri, na dawo gida Kaura Namoda da jaka cike da takardu, duk a kan ƙwayar halitta guda ɗaya. Aikinta shi ne, idan sinadarin jikin mace ya kawo saƙo, ita ke taya shi ɗaga murya. In ta yi yawa, sai naman nono ya yi ta tsiro ba tsayawa, har ya zama ciwon daji ga wasu matan. Ni dai don maki na haddace.

A makon nan gwaggo, yayar babanmu, ta iso daga Moriki a bayan babur, rungume da ƙwaryar man shanu. Innarmu ta ja ni gefe ta ce wata huɗu ke nan gwaggo na da ƙullutu a nono, ta ƙi asibiti, man shanun nan take shafawa. Na ji tsoro ƙwarai.

Na zauna gaban gwaggo na zazzage mata karatuna kaf. Ta saurara tana ɓare gyaɗa.

"Wagga aba taki ai sanƙira ce, mai shelar kayan biki," in ji ta. "Ango shi kawo akuya, sanƙira shi ce sa."

Wallahi malaminmu bai taɓa bayani haka ba. Sai dai gwaggo a cikin shanu ta girma, kuma a wurinta duk wani aibi akwai bijimin da ya kawo shi. Ta ajiye gyaɗar.

"Iri ke nan. To daga wane gida ya hito?"

Na buɗe baki zan ce yawanci ba gado ba ne, a jikin mutum abin ke lalacewa daga baya. Inna ta mintsine ni a cinya. Ita da gwaggo sun shekara ashirin suna tsokanar juna, ta san inda za ta taɓa. Ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Dama an ce danginku na Zurmi ba su cika ƙwari ba."

Gwaggo ta miƙe tsaye, ɓawon gyaɗa na zuba daga zanenta. Ta ce gobe za ta asibiti a ba ta takardar shaidar ƙwarin danginta, ta liƙa wa Inna a goshi. Na bar ta da kuskurenta. Da asuba ita ta tashe mu.

Ciwon ne. Aka tura mu Gusau, aka cire nonon. Da ta farfaɗo, Inna na gefen gado tana kuka, gwaggo ta harare ta, sannan ta kama hannuna.

"An hidda sanƙiran. Ki rubuta cikin takardarki ba daga gidanmu ya hito ba."

Na ce to.

Ba ta saki hannun ba. Ta rage murya don kada Inna ta ji.

"Amma ɗiyana mata ukku, ki kai min su a duba."