Muryar da Ba Ta Kai Kwana Ba

Ina tsaye a kicin ina jiran ruwa ya tafasa sai waya ta yi ƙara. Lambar gidan Orville Dudek ce, don haka ina ɗauka na ce, "Me kuma ya ƙone?" Da haka muke gaisawa tun muna aiki tare a masana'antar gilashi a nan Toledo. Sai na ji muryar mace.

"Baffa Clyde, Janine ce. Baba ya rasu. A kujerarsa na same shi da safen nan."

Na nemi wuri na zauna. Allah ya gani, ba mutuwar ce ta fara zuwa raina ba. Cewa na yi a zuci, ashe daga cikin gidan take kira. Janine ita kaɗai ce 'yarsa, kuma rabonta da taka gidan nan tun ranar da aka binne mahaifiyarta.

Orville mai gyaran wuta ne a masana'antar, ni kuma ina tuƙa motar ɗaga kaya. Dogo ne, ba shi da yawan magana, aljihunsa kullum cike da guntayen waya. Ba ya sayen abin da zai iya haɗawa da hannunsa. Idan ka nuna masa sabon abu a kwali, sai ya juya shi ya ce, "Wa ya san me ke ciki?" Mutanen unguwa kuwa da fitilun Kirsimeti suka san shi. Da zarar ganye ya gama zuba zai fito da tsani, ni ne mai riƙewa. Rufin gida, bishiyar ƙofa, shinge, har kan akwatin wasiƙa, duk sai ya naɗe su da fitilu, ya saita su suna kunnuwa suna mutuwa daidai da kiɗa.

Da farko lasifika yake sawa a baranda. Sai wata rana maƙwabciyarsa Madam Tibbs, wadda ke aikin jinya, ta fito da rigar barci ta ce masa, "Orville, ko ka kashe abin nan ko in kashe ka, kuma na san inda ake soka allura." Shi ne ya shige gareji ya haɗa ɗan akwatin watsa sauti, wato 'yar ƙaramar tashar rediyo tasa ta kansa. Muka yi ta zagaya unguwa a motata muna murza rediyo har muka sami lambar da babu kowa a kanta. Ya rubuta ta da fenti a allo ya kafa a ƙofar gida. Daga nan mutane sai su zo da yamma, su kashe fitilar mota, su kama lambar a rediyon motarsu, su ji kiɗan a cikin ɗumi, titi kuwa tsit.

Abin da yake rufe wasan da shi kullum ɗaya ne. Matarsa Bernadette mawaƙiyar coci ce, ya taɓa ɗaukar muryarta a kaset tana waƙa a kicin, har ana jin ƙarar cokali a tukunya. Idan an zo nan fitilu duka sai su mutu, a bar tauraro ɗaya a kan rufi.

A jinyar Bernadette ne suka ɓata da Janine. Ita tana so a kai uwar asibiti, shi ya ce matarsa ta roƙe shi ya bar ta a gida. Ranar jana'iza, a gaban mutane, ta ce masa ya fi kula da wayoyinsa a kan uwarta. Ya ce mata idan haka ne ga ƙofa nan. Su biyun kansu ɗaya ne wajen taurin kai, babu wanda ya janye.

Amma duk Disamba sai wata koriyar mota ta zo ta tsaya can kwanar layi, wajen alamar tsayawa. Ba ta matsowa. Akwatin Orville yana kaiwa har can, don ya ɗan ƙara masa ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Idan waƙar Bernadette ta ƙare sai motar ta juya. Shi kuma yana leƙe ta tagar gareji. Bai taɓa ce mini Janine ce ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Abin da yake cewa kawai, "Ta zo."

Bana ruwa ya yoyo ta rufin gareji ya cinye akwatin. Da shekarun baya ne, aikin yini ɗaya ne. Amma hannunsa ya daɗe da fara rawa, ko kofi sai ya riƙe da hannu biyu. Na same shi yana ƙoƙarin liƙa waya da dalma, bakin ƙarfen liƙin yana ta yawo, ya ƙona yatsa har wuri biyu.

"Karɓi, ka riƙe mini," in ji shi.

"Ni da ba na ganin hancina sai da tabarau?"

"To mu biyun mun zama mutum ɗaya, shi ma lalatacce."

Ya ajiye ƙarfen. Ya daɗe yana kallon hannunsa kafin ya ce, "Sai dai a sayi haɗaɗɗe." Ban taɓa jin ya faɗi magana da gajiya haka ba.

Zaɓen ya cinye mana makonni. Kullum bayan abincin rana ina gidansa, muna gaban kwamfuta, yana karanta abin da masu saye suka rubuta yana tsaki. Wannan yana huci kamar maciji, wancan eriyarsa ta roba ce, wani kuma sanyi ke kashe shi. Na gaji, idona ya gaji, shi ma ya gaji, amma ya ƙi tsayawa. Daga ƙarshe aka rage biyu. Ɗaya ƙarami ne, irin wanda doka ta yarda mutum ya kunna a gida ba tare da lasisi ba, ba ya wuce 'yan gidaje. Ɗayan ƙato ne, mai sayarwa yana alfahari zai kai unguwa guda. Wannan ya saɓa doka, kuma Orville ya ce zai iya danne tashar cocin da Madam Tibbs ke saurare tun da ta yi ritaya.

Ƙaramin ya fara sayowa, wai don ya gwada. Ya kunna a gareji, ni kuma na shiga mota ina ja da baya a hankali, wayata a kunne, yana tambayata yadda sautin ke fita a rediyo.

"Yanzu fa?"

"Garau."

"Ci gaba, tsoho. Yanzu fa?"

"Ya fara shashasha. Ina daidai shingen Tibbs."

"Kwana fa?"

Na kai kwana. Babu komai sai huci. Na ce masa, "Babu, Orv."

Da na dawo na tarar ya buɗe shafin ƙaton, yatsansa a kan maɓallin saye. Na ce, "Danna mana. Wa zai kama ka? Wata ɗaya ne fa, kuma Tibbs ba za ta mutu don ta rasa wa'azi ba."

Ya rufe kwamfutar.

"Na gaji, Clyde. Shekara da shekaru ina aika mata da muryar uwarta har kwana don kada ta sha wahalar ganina. Ni na sauƙaƙa mata zaman can. Bana muryar tana nan ƙofar gida. Mai so ya matso."

"In ba ta matso ba fa?"

"To na rasa har motar."

Ranar da aka kunna, koriyar motar ta zo ta tsaya inda ta saba. Ba ta jima ba ta juya, tun ba a kai waƙar ba. Washegari ba ta zo ba, haka kwanakin da suka biyo. Orville ya daina cin abincin kirki. Na kawo masa kabeji naɗe da nama daga wajen ƙanwata, ya ɗan taɓa ya ture. Na ce masa ya yi kuskure, har yanzu ana iya sayen ƙaton. Ya ce in ci kabejina in bar shi. Duk yamma dai yana tagar gareji da bargo a kafaɗa, yana kallon motocin wasu mutane, yara suna ɗaga masa hannu yana ɗaga musu.

Sai ga koriyar motar ta dawo. Wannan karon ta wuce kwana ta tsaya a shingen Tibbs, inda muryar ke zuwa rabi waƙa rabi huci. Ta yi haka sau biyu ko uku.

Sauran daga bakin Janine na ji, bayan jana'iza. Ta ce a yammar ƙarshe hucin ya ishe ta, ta duba ta ga wuri a buɗe daidai ƙofar gidan, ta shiga ta tsaya. A nan ta ji uwarta garau, har da ƙarar cokalin. Da tauraron ya mutu ta ga uban tsaye a baranda da kofi biyu, rabi ya zube masa a hannun riga. Ta ce ba su yi wata magana mai nauyi ba. Ya nuna mata akwatin, ya ce abin banza ne, roba ce zalla. Ta kwana a ɗakinta na dā. Da safe ta sauko ta same shi.

Ban san ko in ce ya yi daidai ba. Da ta matso tun bara, da sun sami shekara guda. Abin da suka samu yamma ɗaya ce. Ni dai na rasa wanda zan riƙe wa tsani, kuma har yanzu idan waya ta yi ƙara bakina yana shirin tambayar me ya ƙone.

A wannan yammar ta ƙarshe ina wurinsa kafin a kunna. Gwiwata tana ciwo, amma na ce zan zauna in taya shi kallo. Yana ta leƙen titi, sai ya juyo ya dube ni.

"Clyde, tafi gida."

"Korata kake yi? Ko kofin ban shanye ba."

"Tafi da shi, ka dawo mini da kofina gobe. Wannan akwalar motar taka ta tare ƙofar gida."

"Shekara nawa a nan nake ajiye ta?"

"Na sani," in ji shi. "Yau dai matsar da ita. Ka bar wurin a buɗe."