Yau Na Wanke Baba Mamane

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Mamane ya rasu!

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin ɗaga ƙofar shago. Daga wata gona a Wadi Bawanis aka bugo min, inda yake ginin tankin ruwa. Wai ya idar da sallar asuba, ya jingina da bango yana jiran shayi ya tafasa, shi kenan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, magini ne ɗan Damagaram, tun kafin yawancinmu mu zo Sabha, nan Libiya, yana nan. Da gini yake ci, amma da wankan gawa muka san shi. Duk baƙon da ya mutu a garin nan ba dangi, shi ake kira. Ya ajiye cokalin gini, ya wanke hannu, ya tafi. Kafin ya soma sai ya laluba ƙugun wandon mamacin, don a nan ne masu ƙetare sahara kan ɗinke lambar wayar gida. In ya samu, shi zai buga ya gaya wa uwa ta daina jira.

Shi ya sa ina ajiye wayar tambaya ɗaya ta zo min: to shi wa zai wanke shi? Duk cikinmu ba wanda ya tsaya ya koya. Mun sakar masa aikin, mun koma kasuwa.

Ni kam bari in tona wa kaina asiri, tsoron gawa nake yi. Ƙato da ni, da gemu, amma ko makara na hango sai in sake hanya.

Kuma na fi kowa yi masa surutu. In ya zo shagona cajin waya sai in ce, "Baba, mu fa nema muka zo. A yi aiki, a ci, a aika gida, ranar mutuwa a mutu. Mene ne kuma?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan Kano, jakin gonarmu ma haka yake, shi yi shugul, shi ci, shi kwanta. Kai da Allah ya ba hankali, nan ka tsaya?"

Ina sallata, ina azumina, amma wallahi in ya faɗi haka sai in ɓige da tsokanarsa a kan tsohuwar wayarsa mai ɗaure da roba.

Mutumin da farkon zuwana, zazzaɓi ya kwantar da ni, ya dinga kawo min kunu a gora bai ko san sunana ba. Dakalin ƙofar shagona ya fashe, wata safiya na tarar an gyara, siminti bai gama bushewa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'a biyu da suka wuce ce, a unguwar Abdulkafi. Wani bawan Allah ya rasu, babu mai zuba ruwa, Baba ya damƙe hannuna bayan masallaci ya ce yau ba gudu. Na shiga ido a runtse, na kwarara wa Baba buta guda a ƙafa. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Buɗe idonka, ɗan'uwanka ne. Dama kafin hagu. Ka rufa mishi jiki kamar yana jin kunyarka."

Yau na rufe shago na hau tasi zuwa gonar, ina tunanin mu biyar ko shida za mu tsaya a kansa.

Jama'a, na ga abin mamaki! Leburori sun bar gini da ƙurar siminti a jikinsu, 'yan kasuwa sun kulle shaguna, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Chadi, har dattijon Balaraben mai gonar yana share hawaye da rawaninsa. Wani ya kunna mana voice note daga ƙauyensu, tsohuwa ce ke kuka tana cewa Baba ne ya sanar da ita inda aka binne ɗanta. 

Amma da aka ce wa zai shiga wanka, sai kowa ya koma kallon na kusa da shi.

Ban san lokacin da bakina ya ce "ni" ba.

Na shiga, mutum biyu na zuba min ruwa. Ban runtse ido ba ko sau ɗaya. Abin da mai wanka ya gani ba ya faɗa, don haka na tsaya a nan. Amma na fito ina kuka ina murna lokaci guda, kuma tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin na yi aikin da ya kai na yau ba.

Don haka 'yan'uwa na Sabha, in wani ya rasu ba shi da kowa, ku neme ni ta inbox. Ban iya kamar Baba ba, amma zan zo.

Ya Allah, bawanka ya suturta bayinka da yawa, ka suturta shi. Ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah kar ya wuce bai yi masa addu'a ba, ni ma ku roƙa min Allah ya ba ni ikon riƙewa.