Wankin da Inna Ta Yi wa Motar Alhaji

Har yau in na ga masu wankin mota suna shafa wa taya man birki ko baƙin mai wai don ta yi sheƙi, sai raina ya ɓaci, in tsaya ina faɗa kamar motar tawa ce. Haba jama'a! Ruwa, da sabulu mai laushi, da tsumma, su kaɗai ƙafar mota take so, shi ma sai ta huce daga zafin hanya. Ni ba a gareji na koyi wannan ba. A ƙofar gidanmu na koya, a Kazaure, shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, kowane mai hali yana neman motar shiga.

Lokacin na samu aikin tuƙi wurin wani Alhaji mai fataucin shanu. Motar fara ce, sabuwa fil, ko ledar kujerun ba a cire ba. Kowace ƙafa tana da murfin wili na ƙarfe mai ƙyalli, kana iya gyara hularka a ciki. Alhaji bai iya tuƙi ba, amma kullum da safe sai ya zagaya motar nan, ya sunkuya ya dubi fuskarsa a murfin kafin ya shiga. Wanda na gada, ƙarce ɗaya ya yi wa ƙofa aka sallame shi. Ni kuwa na sha wahalar yaron mota kafin in kai ga wannan kujera, kuma da ita nake riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifina. Don haka kamar ƙwai nake lallaɓa ta.

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya san kunyar ɗan fari a wurinmu ya san abin da nake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta yi mini magana sai ta fuskanci bango ko ta gaya wa wani. Ranar da na fara kawo motar nan unguwa, mata suka fito suna guɗa, ita kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Daga baya aka ce mini ta kafar zana ta yi ta kallo.

Wata rana da damina muka dawo daga Babura ta Kanya Babba, an yi ruwa, jar laka da kashin shanun kara, wato kasuwar dabbobi, sun damƙare a ƙafafun motar. Da na sauke Alhaji da la'asar ya ce, “Gobe da hantsi za mu Kano. Tafi da ita ka wanke, ina son in ga fuskata a ƙafar nan.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Amma tun a hanya nake jin sanyi a ƙashina. Ina ajiye motar a ƙofar gida zazzaɓi ya kayar da ni a zaure, haƙorana suna haɗuwa. Inna ta zo ta ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa, ta ce da iska, “A daure a sha.” Ta koma ciki.

Rana ta ɗaga kafin in farka, kuma wata ƙara ce ta tashe ni, ƙurt, ƙurt, irin ta wankin tukunya. Na fito ina dafa bango. Innalillahi! Inna ce tsugune a gindin motar. Ga kaskon toka, ga yashi, ga soso, ga ruwan sodar da take dafa sabulu da ita. Ta bi murafan nan ɗaya bayan ɗaya ta dirje su yadda take dirje gindin tukunyar tuwo. Tayoyin kuma ta shafe su da man gyaɗa kamar yadda take yi wa akushi in tana son ya yi baƙi. Sun yi baƙin kuwa, har wata akuya tana lasar ta baya.

Ƙyallin nan ya tafi. Murafan sun koma dusu-dusu, duk zane. Inda sodar ta kwanta a jikin wili, fenti ya tashi.

Ni mutum ne mai zuciya, duk tasha an san ni. Da wani ne, wallahi da unguwa ta taru. Maganar ta taso har maƙogwarona, sai idona ya faɗa kan hannunta. Soda ta cinye mata yatsu, fatar ta yi fari ta saɓule, wani wurin har jini. Tun asuba take wannan aiki, matar da ƙafa ke damunta, don kada mai gidan ɗanta ya ga laka. Ba ta juyo ba. Sai ta kalli maƙwabciyarmu da ke tsaye ta ce, “Ce wa mai ciwo ya koma ya kwanta, an gama.”

Na ce, “Sannu Inna. Allah ya saka da alheri.” Har zuciyata na faɗa, kuma ji nake kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Na ja motar zuwa bakin ruwa, na yi ta sabulu ina ɗauraya. Man ya fita daga tayoyin da ƙyar, gara ma da bai kwana ba, don shi mai, cin roba yake yi. Murafan kuwa, na goga da tsumma, na hura, na sake gogawa, ina! Abin da yashi ya ci ba ya dawowa.

Alhaji ya fito cikin babbar riga, ya zagaya kamar kullum, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

“Wa ya yi wannan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Da me?”

“Da toka da yashi.”

“Toka! Motata tukunya ce?”

Ya dube ni, ya dubi hannuwana, lafiyarsu ƙalau. Kazaure ta lokacin ba ta da girman da labari zai ɓata, kuma ya san direba ba ya wannan aika-aika. Bai sake tambaya ba, na kuwa gode masa da wannan har gobe. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa makulli. Ya ce ba zai kore ni ba, akwai tsohuwar babbar motarsa mai jikin katako da ke kwaso shanu daga Roni da Gwiwa, tana neman direba. Wani ne ya kai shi Kano ran nan.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na bar farin kaftani na koma rigar baƙin mai. Motar sai an tura take tashi, in ta kafe a yashi mu yini muna haƙa, shanu suna kuka a baya. Abokan tasha suka samu abin tsokana, in na shigo sai su ce a ɓoye toka ga mai wanki ya zo. Na yi faɗa da biyu, sauran na ƙyale.

Ranar da na fara zuwa da babbar motar gida, ba ta shiga lungunmu ba, a bakin titi na bar ta. Inna ta fito da mayafi, yatsunta naɗe da tsumma, ta tsaya daga nesa tana ƙare mata kallo tun daga ƙasa har sama. Sai ta ce da maƙwabciyar, “Ashe an ba shi babba.” Ban taɓa ganin fuskarta da irin wannan farin ciki ba.

Maƙwabciyar ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, “An ba shi, Yaya. Hannunki ne mai albarka.”

Washegari Inna ta toya waina ta raba sadaka gida-gida. Duk unguwa sun san abin da ya faru, manya da yara, suka karɓa suna yi mata barka. Ta yi shekaru bayan haka kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.