Ranar da Aka Ba Ni Mainus Biyar

A aji huɗu na sakandare, ni da lissafi ba ma ga maciji. Madam mai koya mana ta riga ta sa sunana cikin waɗanda za a cire daga ajin kimiyya a ƙarshen zango. Ni kuwa na gama cika baki a unguwarmu Akurba cewa aikin gona zan karanta a jami'ar da ke Shabu. Tsoro nake ji sosai, amma ko ƙawata ban gaya wa ba.

Wata Laraba da rana tsaka ta kora mu waje. Ta ja dogon layi a ƙasa da sanda, ta jera mu a kai, kowa riƙe da kwali mai lamba. Ni mainus biyar aka miƙo min. Na ce to, ko a kwali ma ƙasa da sifili nake. Ta rubuta a ƙasa: −2x > 6.

"Wanda lamba nashi ya shiga ansa, ya je gindin mangwaro," in ji ta da gurguwar Hausarta. "Sauran ku sha rana."

Gwanayen aji suka raba da mainus biyu a ka, suka ce x ya fi mainus uku. Masu manyan lambobi suka kwasa a guje zuwa inuwa. Ni ban san wata doka ba, lambata kawai na cusa a gurbin x. Mainus biyu sau mainus biyar, goma. Goma ta fi shida! Na sake lissafawa, sannan na taka na shige tsakiyarsu.

Me za su yi ban da dariya. Monitan ajinmu har da riƙe ciki.

"Kai yarinya, wa ya kira ka?" Madam ta daka min tsawa.

"Ma, na gwada ne, kuma ta shiga."

Ta sa monita ya gwada tasa, bakwai. Ya samu mainus sha huɗu, ya koma rana da ƙafarsa. Haka suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ta tuna musu cewa in an raba da mainus, dole a juya bakin alamar. Mu 'yan hagun layi muka baje a inuwa muna shewa. Mai mainus uku ta lallaɓo za ta shigo, Madam ta rubuta (−∞, −3), ta nuna mata bakan nan mai lanƙwasa da ya rufe −3, ta ce da mai kusurwa ne da an bar ta ta shiga. Baiwar Allah ta tsaya daidai bakin inuwa tana harararmu, ni kuwa ina yi mata fifita da kwalina daga nesa.

Da aka tashi, Madam ta kira ni gefe.

"Rul ɗin kam ba ka sani ba," ta ce. "Amma ka san ka duba ansa naka. Zan bar ka a sayans."

Na durƙusa zan yi godiya, dariya ta ƙwace min, sai kuma ga hawaye. Haka na zauna a gabanta ina yin duka biyun, har ta gaji ta ce in tashi in ba ta wuri.